Wayar da Na Yanke a Babur ɗin Baba

Babur ɗin Babana ya girme ni da shekara biyu, kuma in za a faɗi gaskiya ya fi ni shan tarairaya. Ja ne, ƙirar wani kamfanin Japan, da hoton fiffike a jikin tankinsa. Tun da na yi wayo nake ganin ana goge shi da tsumma mai laushi safe da yamma, ni kuwa in na faɗi na kurje gwiwa sai a ce in tashi, ai ba komai. A cikin gida babur muke ce masa, yadda kakata take faɗa. Da zarar an fita titi ya koma dabbab, da Larabcin Makka.

A unguwar Jarwal ta Makka aka haife ni, nan ma aka haifi Baba. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya yi shekaru a hanya, ya sauke farali, bai koma ba. Baba bakaniken babura ne. Yana da ’yar warsha, wato garejinsa, a wani lungu mai hawa, wadda in an shigar da babur uku sai mai na huɗu ya jira a waje. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce min, ko a gaban baƙi, ko yana cikin yi min faɗa.

A kan wannan babur ɗin aka ɗauko ungozomar da ta karɓi haihuwata. Lokacin aikin Hajji ne, hanyoyi sun cushe da alhazai, ba motar da take iya motsi. Baba ya je har Misfala ya ɗora tsohuwa a baya, ya riƙa kutsawa da ita ta lunguna. An ce tun daga can har ƙofar gidanmu masifa take zazzaga masa, hannu ɗaya riƙe da rigarsa, ɗaya riƙe da ƙullin kayan aikinta. Da ta sauka ta rantse da ƙafa za ta koma, kuma da ƙafar ta koma. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari, kullum kuma gudun da Baba ya yi ƙaruwa yake.

Amma labarin da ya fi so ba nasa ba ne, na mutumin da ya kafa kamfanin ne. Baba bai taɓa zuwa Japan ba, iyakarsa Jidda da Ɗa’ifa da Madina. Abin da ya sani ya tsinto shi ne a bakin dillalin kayan gyaran da yake saye a wurinsa a Jidda, da kalandar da dillalin yake ba shi duk shekara, da wasu mujallu da ba ya iya karanta ko harafi ɗaya a cikinsu. Sauran ya cike da kansa. Yakan zauna a kan wata tsohuwar taya, kofin shayi a hannu, ya ce:

“Mutumin nan fa irina ne, Uwata. Bakanike ne, baƙin mai a farce. Yaƙi ya ragargaza ƙasarsu, ba mota, ba komai, sai ya samo wasu ’yan ƙananan injuna da aka yasar, ya riƙa ɗaura su a jikin keke. Keke fa! Daga nan abin ya faro.”

Daga keke sai babur. Daga babur, in ji Baba, sai mutumin ya tashi ya yi shelar zai kai baburansa tsere wani tsibiri can ƙasar Turawa, inda ake gudu a kan hanyar gari, katangar dutse dama da hagu. Da ya je ya ga baburan Turawa sai jikinsa ya yi sanyi, don nasa ko kusa ba su kama ƙafarsu ba. Bai yi zuciya ba. Ya cika akwatinsa da sarƙa da taya da fulogi, ya koma gida ya zauna yana kwancewa yana kallo. Shekaru suka wuce, ya dawo ya cinye su. Bayan nan ya shiga ƙera mota, motar ma ya kai ta tsere. In an zo nan Baba yakan daki cinyarsa ya ce, “Ka ji maza!” sai ka ce ɗan’uwansa ne na jini. Da na girma na duba a waya, na tarar yawancin abin haka yake, ban da gishirin da Baba ya ƙara.

Yana da wani kaset na bidiyo na tseren babura da muka kalla har hoton ya fara rawa. Yayana, wanda ya girme ni da shekara biyar, masu gudun yake kallo, yadda suke kwantawa a kwana gwiwa tana shafar kwalta. Baba kuwa sai ya tsayar da kaset ya nuna mana wasu mutane a bakin hanya, bayan wata ’yar katanga, ɗayansu ya miƙo allo.

“Waɗannan su ne ire-irena,” in ji shi. “Mai gudu hanya kawai yake gani. Su kuwa suna ganin hayaƙin da yake fita a bayansa, suna ganin tayarsa ta cinye. In suka ɗaga masa allo suka ce shigo, shigowa zai yi, ko da shi ne a gaba. Wanda ya ƙi, a motar asibiti ake dawo da shi.”

Ina ’yar shekara tara ko goma a lokacin. Abin da ya dame ni ranar shi ne a saki kaset ya ci gaba.

Aikinsa da kunne yake yi. In aka kawo babur, kafin mai shi ya gama bayani Baba ya ce masa ya yi shiru ya buga kik. Sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Minti ɗaya ya faɗi ciwon. Har daga Misfala da Zahir ake turo masa baburan da suka gagari wasu. Na faɗi wannan ne don ku ga girman wautar da na tafka daga baya, ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidanmu.

Shekaru suka ja. Aka rushe layinmu aka gina otal-otal na alhazai, warsha ta tafi, muka koma Zahir, wani gida mai ɗan fili a gaba. Umma ta rasu. Aurena ya ƙare, na dawo wurin Baba da zama, ina aiki a wani ƙaramin asibiti, ni ce mai karɓar marasa lafiya a teburin shiga. Yaya yana can da iyalinsa, yana aikin otal. Baba ya bar gyara, amma bai bar hawa ba. Kullum da hantsi sai ya tashi babur ya tafi Jarwal, wurin wani mai shayi inda tsofaffin abokansa suke taruwa, su yi ta zuba Hausa da Larabci a cakuɗe har a kira Azahar. Wannan tafiyar ita ce ta rage masa a duniya, kuma na san da haka sarai.

Sai ido ya fara. Na lura yana bige kofi in an ajiye masa a gefe, yana cin karo da bakin ƙofa. Da ƙyar na ja shi wurin likita. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya cinye masa ganin gefe, abin da yake gabansa kawai yake gani, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce kada ya ƙara tuƙi. A gaban Baba ya faɗa, da Larabci garau. Baba ya ce, “Tayyib, ya daktor,” har da godiya. Washegari da hantsi na ji ƙarar babur tana fita.

Bayan sati uku wani maƙwabcinmu ya tare ni a ƙofa, yana ta kame-kame. Daga ƙarshe ya ce ya ga Baba a gaban wani otal a Jarwal ya gogi keken guragun da ake tura wata tsohuwar hajiya a kai. Ba ta faɗi ba, Allah ya kiyaye, amma madubin babur ya daki hannun mai turawar. Baba bai ma san an yi ba sai da aka yi masa ihu. Na shiga gida na duba madubin hagu, ga shi a tsage. Na tambaye shi, ya ce rana ce ta fasa shi.

Ranar na kira Yaya na sauke masa kwandon masifa. Na ce ya zo ya karɓi makulli, shi ne namiji, shi ne babba. Ya ce, “Ke kin haukace? Ni in tsaya gaban Baba in ce ba ni makulli? Ke da ba ya ƙin maganarki, ki faɗa masa mana.” Na ce ni kuma da wane bakin? Mu dai haka muka taso. Ni ce mai masifar gidan, na yi faɗa da mai kawo ruwa, na yi da shugabana a wurin aiki, amma in kalli idon Baba in ce masa ka tsufa, ka sauka, wannan harshena ba zai ɗauka ba. ’Ya’yan Yaya da suka tashi da Larabci zalla suna iya ce wa ubansu “la”, wato a’a, kai tsaye su yi gaba. Mu ba mu iya ba, kuma har yanzu ban sani ba ko mun fi su ko sun fi mu.

Yaya ne ya kawo dabarar, ni ce na aikata. Ya ce akwai wata siririyar waya a ƙarƙashin tanki da take kai wuta. In aka yanke ɗan guntu a tsakiya aka naɗe wurin da baƙin salatif, ido mai lafiya ma ba zai gani ba, balle na Baba. Babur zai ƙi tashi, kayan gyaran irinsa sun yi wuya, Baba zai gaji ya haƙura, ba wanda ya ci fuskar wani. Muka yaba wa kanmu. Kai jama’a! Mu biyu, kowa ya haura arba’in, muka zauna muka shirya yaudarar mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana jin ciwon inji da kunne.

Wata Talata, da ya tafi masallaci sallar La’asar, na ɗauki almakashin kicin na durƙusa a gefen babur. Na laluba na samo wayar, na yanke, na naɗe, na goge tanki da gefen mayafina don kada yatsuna su nuna. Guntun bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na rasa inda zan jefa shi, sai na sa shi a jakata, a aljihun da nake ajiye katin aiki.

Washegari na yi jinkirin fita da gangan, ina leƙe ta taga. Baba ya fito cikin farar rigarsa, ya yi bisimilla, ya buga kik. Shiru. Ya sake bugawa. Shiru. Bai buga na uku ba. Ya tsaya hannunsa a jikin tanki, ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya fuskanci tagar, na yi maza na saki labule. Da na fito zan wuce ya ce, “Uwata, yau mutumin ya ƙi tashi.”

Na ce, “Ayya, Baba. Ko tsufa ne?”

Ya ce, “Tsufa ne.”

Da na dawo da yamma na tarar ya baje kayan aiki a tabarma, sifanoni da sukudireba da tsumma. Haka washegari, haka jibi. Duk sanda na tambaya sai ya ce bai gano ba tukuna. Bayan sati ya tattara kayan, ya ja babur jikin bango, ya lulluɓe shi da tsohon bargo, ya rataye makulli a ƙusa. Na kira Yaya na ce masa an dace.

Zuwa Jarwal ya koma sau ɗaya a sati, ranar Asabar da ba na aiki, a ’yar motata. Motar ma ta kamfanin nan ce, shi ya zaɓa min ita, ya ce jikar keken nan ce. Yakan zauna a gaba, hannu a cinya, ko gyara min tuƙi ba ya yi, shi da a da ko motar haya ya shiga sai ya koya wa direba aikinsa. Sauran kwana shidan a kan kujera yake yin su a filin gida. Ya rame. Abincin rana da nake bar masa sai in tarar ya ɗan taɓa ya rufe.

Wata Asabar na zo ɗaukarsa na tsaya ɗan nesa, gilas a sauke. Sai na ji wani abokinsa, tsohon direban bas mai bakin tsiya, yana cewa da ƙarfi, “Jama’a ku zo ku ga likitan da ya kasa warkar da ɗansa! Shekara nawa kana cika mana kunne da mutumin Japan, ga babur ɗaya ya kai ka ƙasa.” Suka kwashe da dariya. Baba ma ya yi dariya, ya ce, “Hannu ya mutu, Alhaji, sai haƙuri.” Wallahi ji na yi kamar in fita in kifar musu da butar shayin. Amma wa zan yi wa faɗa? Ni na jawo masa. Na yi kukana a mota, na share fuska kafin ya iso. Da ya ji muryata ya tambaya ko lafiya, na ce rana ce.

Sau da yawa na ciro guntun wayar da niyyar in je in faɗa masa. Sai in tuna hajiyar nan a kan keken guragu, in mayar. Ban yi nadamar raba shi da titi ba, har gobe ban yi ba. Abin da yake ci na shi ne ganin ya yarda hannunsa ya mutu, alhali hannunsa lafiya lau, ni na san inda ciwon yake, a jakata yake kwana.

Wata biyar aka yi a haka. Ranar wata Juma’a, bayan an sauko daga masallaci, Yaya ya zo cin abinci. Mai tankar ruwa kuma ya iso, tiyonsa ba zai wuce ba sai an matsar da babur. Yaya ya ɗauko makulli a ƙusa don ya buɗe kan babur ɗin, ya yaye bargo, ya murɗa. Ƙafa ba ta manta abin da ta saba tun samartaka ba, sai kawai ya ɗora ta a kan kik ya danna, wasa-wasa.

Babur ya tashi. Bugu ɗaya. Ba tari, ba hayaƙi, sai wannan ƙarar mai laushi da na sani tun ina zanin goyo. Yaya ya daskare a kai, baki buɗe, yana kallona. Ni kuwa faranti ne a hannuna, ban san sanda na ajiye shi ba.

Baba yana kan kujerarsa, ko juyowa bai yi ba. Ya ce wa Yaya, “Kada ka murɗa masa mai, bai yi zafi ba tukuna.”

Yaya ya kashe, ya tura shi gefe, ya ce bari ya ga mai ruwa, ya fice. Namijin ke nan, babban gida! Ya bar ni ni kaɗai. Na je na durƙusa a gaban Baba na ce, “Baba, yaushe ka gyara?”

“Ranar. Kafin Azahar.” Ya gyara zama. “Bugu biyu na yi na ji ba wuta. Na kai hannu ƙarƙashin tanki na taɓa salatif. Naɗin na mai sauri ne, kuma da almakashi aka yanke, bakanike ba ya yanka waya da almakashi. Ga ƙanshin turarenki a jikin tanki.”

Ya ce kullum in na tafi aiki sai ya yaye bargon ya tashe shi, ya saurara na ɗan lokaci, ya kashe, ya mayar da bargo. Ko ƙofar gida bai taɓa fitar da shi ba.

Na ce, “To don Allah me ya sa ka bari suna yi maka dariya a Jarwal? Me ya sa ba ka ce ka gyara ba?”

“In na ce na gyara, sai su ce to ina babur ɗin. In ce musu me? Gara su ce hannuna ya mutu da su ce ’ya’yana sun zagaye ni ta baya.”

Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko guntun wayar, na sa masa a tafin hannu. Ya ɗaga shi daidai tsakiyar idonsa, inda ganin ya rage, ya jujjuya shi.

“Ban ga matar nan ba, Uwata,” in ji shi. “Wallahi ban gan ta ba. Tun ranar nake jiran ɗayanku ya ce min in sauka, don ni na kasa ce wa kaina. To kun ɗaga min allo, na shigo. Amma a kaset ɗin nan da muke kallo, kin taɓa ganin an ɓoye allo a ƙarƙashin tanki? A fili ake ɗaga shi, mai gudu ya ga fuskar wanda ya ɗaga.”

Na ce, “Kunya ce, Baba.”

“Ni fa Uwata nake ce miki. Da kin ce sauka, wa zan yi wa musu?”

A nan kuka ya ƙwace min, irin wanda ba a iya cewa rana ce. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya miƙa hannu ya ce in zaro masa makullin daga jikin babur. Na zaro na ba shi. Ya riƙe shi a hannu ɗaya, guntun waya a ɗayan, ya ce, “To faɗa yanzu.”

Maganar ba ta fi kalma uku ba. Na kalli idonsa na ce, “Baba, ka sauka.”

Ya ce, “Na sauka.” Ya miƙo min makullin.

Washegari Asabar ce, na kai shi Jarwal. Wannan karon ban tsaya nesa ba, har gaban mai shayin na kai mota. Tun kafin ya zauna direban bas ɗin nan ya ɗaga murya, “Likita, an gano ciwon kuwa?”

Baba ya ja kujera ya zauna, ya karɓi kofinsa. Ya ce, “Babur lafiyarsa lau, bugu ɗaya yake tashi. Ido ne ya tafi. Uwata ta ce in sauka, na sauka.”

Ba wanda ya yi dariya. Direban bas ya tura masa farantin dabino gabansa, daidai inda zai gani.